Mashaya Uku Kafin Kogi

Shekarar da na dawo Difa, 1997, ruwan Komadugu ya makara. Yuli ya kusa ƙarewa, kogin yana nan rairayi fari, awaki suna ƙetarawa Najeriya su yi kiwo su dawo. Sama ma ta ɗauke kwana ashirin.

Shekara tara na yi a waje ina karatun ruwa. Da na dawo aka ba ni buro, wato ofis, da tebur, aka haɗa ni da Baba Kalebu, tsohon da ya shekara talatin yana karanta ma'aunin ruwa a gindin gada. Cocinmu ɗaya. Ya san mahaifina. Injiniya yake ce mini, kuma ba don girmamawa ba.

Ran wata Alhamis da la'asar Malam Ajimi ya shigo. Manomin tattasai ne a ƙauyen Bagara, kusa da Difa, abokin Baba Kalebu tun kafin a haife ni. Ya raini irin tattasansa a bakin kogi, yana shayar da shi daga ramin da ya haƙa a tsakiyar rairayi. Ramin ya ƙafe.

"Kwana biyu suka rage wa irin nan," in ji shi. "Surukina yana da rijiya a tudu, tafiyar rabin yini. Na yi magana da mai amalanke, gobe da asuba in tumɓuke in kai can. Rabi zai mutu a hanya, na sani. In na bari kuma ruwa bai zo ba, duka ya tafi, bana ba ni da gona. Mushe, ina ruwa ya kai?"

Da ni yake, don a nan Mushe ake ce wa ma'aikaci, wato monsieur na Faransanci. Labarin ƙarshe da muka samu shi ne ruwa ya wuce Gaidam kwana goma sha biyu da suka wuce. Na buɗe taswira, na yi lissafi. Na ce tsakanin kwana biyu da kwana goma.

"Wannan ko matata Ya Fanna ta faɗa mini," in ji Malam Ajimi, "kuma ba ta taɓa wuce garin Maine ba."

Baba Kalebu ya ɗauki hularsa. "Injiniya, rufe buro. Mu je mu sha giya."

Na ɗauka wasa yake. Malam Ajimi bai ɗauka haka ba, ya ja kekensa ya bi mu.

Mashaya ta farko ta Madam Joséphine ce a unguwar Sabon Kare. Katangar ƙasa, ƙofar kwano babu rubutu, a ciki rumfar zana da benci shida da firji mai aiki da kananzir. Malam Ajimi ya jingina kekensa a gindin dogon yaro a waje, ya zauna da carbinsa. Bai taɓa shiga irin wurin nan ba, kuma ba wanda ya taɓa ce masa ya shiga.

Direbobi biyar muka tarar suna ta musu a kan ƙwallo. Na ciro littafina, na gaishe su, na ce ina so in san inda kowannensu ya ƙetare kogi a makon nan. Musun ya mutu nan take. Wani ya ce shi tun da aka haife shi ta gada yake bi. Wani ya ce bai san akwai kogi a Difa ba. Biyu suka tashi suka bar kwalabensu da saura.

"Kalebu, wannan ɗan duwan ka kawo mini, mai kama kayan ƙetare?" in ji Madam Joséphine.

"Ɗan marigayi Mushe Usmanu ne. Turawa suka ɓata shi. Ɗana, mayar da littafin nan aljihu." Ya juya gare ta. "Madam, giyar Najeriya biyu, masu sanyi."

"Sai ta Yamai. Ta Najeriya ta yanke tun Lahadi."

"Tun Lahadi?"

"Kurma ka zama?"

Muka sha ta Yamai, bai ƙara tambayar komai ba. Sai da muka fito ya yi mini bayani, yana tafiya bai dube ni ba. Kowace mashaya a garin nan tana da mai kawo mata giya daga ƙetare. Ba ta gada suke bi ba. Kowannensu yana da mashigarsa a cikin busasshen kogi, kuma ba ya canzawa. Na Madam Joséphine can sama yake ƙetarewa, wajen Tam. In giyarta ta yanke, ruwa ya rufe mashigar Tam.

"Ba wanda zai gaya maka inda yake bi," in ji shi. "Amma firji ba ya ɓoye komai."

Ya gaya wa Malam Ajimi: Tam, tun Lahadi. Malam Ajimi ya ƙirga da yatsu.

Ta biyu ta Pierre ce, kusa da tasha. Nan ta fi girma. Da injin wuta, da rediyo mai kaset, da malaman lakwal, wato makaranta, da ma'aikatan asibiti da suka tashi aiki, wani mai gasa kifi a bakin ƙofa. Hausa, Barbarci, Faransanci da Turancin Najeriya duk a tebur ɗaya. Na zauna a manyan birane inda titi guda yake da mashaya hamsin, ban taɓa tunanin ana zuwa irin wurin don a ji abin da ƙasa take ciki ba. A nan na fara kallon kwalaben da ke kan tebura ɗaya bayan ɗaya.

Pierre ya kawo ta Najeriya, amma ya riƙe wuyan kwalbar kafin ya sake ta.

"Tsoho, ka sha a hankali, akwatin ƙarshe ke nan. Mutumina jiya ya kamata ya iso, har yanzu shiru."

"Wataƙila ya yi sabon aure."

"Da wace fuskar?"

Mutumin Pierre ƙasa da Shetimari yake ƙetarewa. A waje Baba Kalebu ya tsuguna ya ja layin kogi a ƙasa, ya sa tsakuwa biyu, ɗaya Tam ɗaya Shetimari.

"Malam, kwana biyu ne ko uku."

"Biyu ko uku," in ji Malam Ajimi. "Kalebu, tsakanin biyu da uku ai nan gonata take."

"Saura gidan Marie."

Gidan Marie yana Difa Kura, can ƙarshen unguwa inda gidaje suke gangarawa kogi. Ba mashaya ba ce sosai. Tsakar gida ce da tabarmi, da randuna uku da aka binne cikin jiƙaƙƙen rairayi don sanyaya kwalabe. Mai kawo mata kaya, wani Maikano, da jakuna yake zuwa, kuma mashigarsa ba ta fi tafiyar awa ɗaya daga Bagara ba. Ran Asabar yake zuwa.

Mun tarar da jakuna shida a ƙofar gida, Marie tana tsaye hannu a ƙugu.

"Yau Alhamis! Wa ya ce ka kawo mini ninki biyu? A kaina zan ajiye su?"

"Hajiya Marie, ki karɓa," in ji Maikano yana sauke akwati. "Daga yau sai dai kwalekwale."

Baba Kalebu bai nemi giya ba. Ya sunkuya ya shafa ƙafar jaki na ƙarshe, ya fito waje ya buɗe wa Malam Ajimi tafin hannunsa. Laka ce, baƙa, ɗanya.

Malam Ajimi ya bar kekensa a nan. Muka gangara cikin kogi muka nufi yamma, a kan rairayi, tsofaffi biyu a gaba ina binsu da ƙyar. Rana tana sauka. Mun yi kusan awa ɗaya ba mu ga komai ba sai sawun jakuna.

Ƙara muka fara ji, siririya, kamar an zuba ruwa a tukunya mai zafi. Sannan ƙwari, dubbai, suna gudu ta kan ƙafafunmu, tsuntsaye suna faɗowa a kansu. Da muka sha kwana sai ga shi.

Bakinsa bai fi faɗin tabarma ba. Yana tura kumfa da karmami da busasshen kashin shanu a gabansa. Ya shiga sawun jaki ya cika shi, ya tsaya, rairayi ya shanye, wani ya zo ta bayansa ya wuce. Tsoho mai sanda zai riga shi. Amma da na ɗaga kai, a bayan wannan ɗan bakin ruwan yana faɗaɗa, yana faɗaɗa, har ya cika gaɓa zuwa gaɓa, ja wur da hasken yamma, iyakar ganina. Daga duwatsun Jos da ƙasar Kano ya taso. Na san tsawon hanyar, na san adadin da yake ɗaukowa, na rubuta jarrabawa a kansa. Ban taɓa tsayawa a gabansa ba. Kwaɗi suna fitowa daga rairayin da na taka yanzun nan a bushe. Cikin ruwan da bai kai idon sawu ba har da ƴan kifaye.

Baba Kalebu ya cire hula. Ruwan ya iso takalmina, na ja da baya.

Malam Ajimi ya tsuguna, ya jira kumfar ta wuce, ya yi alwala. Ya hau gaɓa ya yi magariba, muna tsaye muna jiransa. Kafin ya sallame, ruwa ya rufe wurin da ya yi alwalar.

Ya sauko ya dubi ruwan, ya dubi gabas inda gonarsa take.

"Kafin hantsi," in ji shi.

"Kafin hantsi," in ji Baba Kalebu.

"Mushe, in kun shiga gari ka biya gidan Gumsu mai ƙosai, ɗanta ne mai amalanken. Ka ce ya yi barcinsa."

"Kai fa, Malam?"

Ya naɗe ƙafar wandonsa, ya kawar da wani reshe da ya tare bakin ruwan.

"Ku je. Ni da ruwan tare za mu taho."