Jinin Uwar Nasira

Haruffan nan huɗu da ake rubuta ƙwayoyin gado da su, na jinin Nasira, sun cika fuskar kwamfuta, suna gangarowa kamar jerin tururuwa, Samiratu kuwa ta kafe su da ido har suka soma yi mata rawa. Aikinta ke nan a ɗakin bincike. Takan bai wa manhaja ƙwayoyin gadon mara lafiya da na mahaifansa, manhajar ta bi su layi-layi, ta zaƙulo inda cuta ta maƙale. Sai dai Nasira 'yar layinsu ce a unguwar Maamobi, yarinyar da kullum take ƙara ƙanjamewa, likitoci sun rasa sunan ciwonta. An ce uban ya rasu, don haka jinin uwa kaɗai aka kawo.

To, jinin nan biyu sun yi kama, amma sun ƙi haɗuwa irin haɗuwar uwa da 'ya. Samiratu ta zargi manhajar, ta zargi kwalbar jinin, ta zargi hannunta, ta koma farko. Wayyo, damina guda ta shige a wannan wahalar banza!

Da abin ya ishe ta, sai ta hau motar haya ta trotro ta nufi gidan su Nasira. Ta tarar da Awabu, uwar yarinyar, a bakin ɗaki tana yi mata fifita.

"Yaya Awabu, ki gafarce ni. Jinin da aka kawo mini naki ne?"

"Nawa ne mana. Ba na uwarta kika ce ba?"

"Ke kika haife ta?"

Maficin ya tsaya. Awabu ta leƙa ta ga yarinyar barci take, sannan ta sassauta murya.

"Ƙanwata Memunatu ta haife ta. Ranar yaye ta ɗora mini ita a cinya, tunda ni Allah bai ba ni ba. A gidan nan ba a tada wannan magana. Ni na goya ta, ni take kira Mma."

"Ina Memunatun?"

"Ta tafi aikatau ƙasar Larabawa. Tun bara wayarta ta daina shiga."

 Takaici ya kama Samiratu, ta rasa wanda za ta ji haushi, don babu wanda ya yi mata ƙarya.

Awabu ta ajiye maficin, ta naɗe hannun rigarta, ta miƙo mata damtse.

"Sake ɗiba, Samiratu. Ki ɗebi da yawa wannan karon. Ƙila wancan ne bai isa ba."