Zagaye Ɗaya na Vule

"Ƙafar na ce ka ɗaga, ba ni ba," in ji Vule. "Buhun dankali ka mayar da ni?"

Na saki ƙugunsa na kama gwiwar. Ƙofar motar a buɗe take, amma bututun ƙarfe biyu da ya yi wa walda da hannunsa sun gicciye a bakinta, sai mutum ya tsallake su kafin ya faɗa kujera. A watan Mayu na ga ya tsallake su da kofi a hannu, ko ɗigo bai zube ba. Ranar nan kuwa, ƙarshen Satumba, saura kwana uku a buɗe filin tsere, mun fi minti goma muna fama, ƙafar ta ce ba ta san zancen ba. Tari ya taso masa. Na zaunar da shi kan wata tsohuwar taya, na yi kamar ina neman sifana don kada ya ga ina kallonsa.

Matarsa Grozdana tana tsakar gida tana gasa jan tattasai a kan faifan ƙarfe, kamar kowace mace a layinmu a wannan watan. Ba ta juyo ba, amma na lura tattasai ɗaya ya ƙone ƙurmus a gabanta ba ta juya shi ba.

Vukosav ne sunansa, sai dai duk garinmu Kragujevac babu mai kiransa haka in ba takardar fansho ba. Garejina da nasa bango ɗaya ya raba su, kuma shekara ashirin da shida ina jin zaginsa ta cikin bangon nan duk lokacin da noti ya cije. Ni Milun, bas ɗin cikin gari na ja shekara talatin da huɗu. Shi kuma a masana'antar motoci ya ƙare ƙuruciyarsa, a layin ɗaura kujeru. Motoci ƙirar Yugo nawa ya ɗaura wa kujera, shi kansa bai sani ba.

Da ya yi ritaya sai ya je wani ƙauye ya jajibo wata Yugo ƙirar shekarar tamanin da tara, wadda kaji suka daɗe suna ƙwai a bayanta. Ya ce tsere zai kai ta. Ba tsere na cin kofi ba, irin ranar nan ɗaya tak a shekara da ƙungiyar masu motoci ke karɓar aron tsohon filin jirgin soja, a jera tayoyi a fitar da kwana-kwana, kowa ya shiga da abin da Allah ya hore masa ya yi gudu iya son ransa. Mun yi masa dariya har muka gaji, shi kuwa ko a jikinsa.

Kuɗin ƙara wa inji ƙarfi ba shi da su, kuma bai ɓoye ba. Kullum maganarsa ita ce talaka ba ya ƙara doki, kaya yake ragewa. Ya cire kujerar baya, ya cire darduma, ya cire rediyo da na'urar ɗumama mota, ya sa roba a madadin gilasan gefe. Baƙin danƙon da ke manne a ƙasan bodi ya bari sai tsakiyar Janairu, lokacin da sanyi ke sa shi ya yi ƙaras, sannan ya bi shi da guduma yana ɓantara. Duk abin da ya fito sai ya ɗora a kan sikelin da Grozdana ke auna kabeji, ita kuma ta yi ta faɗa. Birki da tayoyi daga wurin 'yan gwangwan suka fito, ya yi musayarsu da barasar da yake dafawa da 'ya'yan itacen gonarsa. Fenti rawaya kuwa ragowar na shingen surukinsa ne.

Ranar da ya fitar da kujerar fasinja ina tsaye. Bai tsaya nan ba, ya ɗauko injin yanka ya share har ƙarafan da ake ɗaure ta a kai, wai su ma kilo ɗaya da rabi ne. Na ce masa ya bar ko ƙarafan, ba a san gobe ba.

"Wa zan ɗauka?" ya ce. "Kai? Ai kana shiga ta koma bas."

Shekara uku ya yi a kan motar nan. Shekarar farko ba ta tashi ba, ta biyu kejin bututun ƙarfen da ke kare direba a cikinta bai kammala ba. A ta uku komai ya haɗu, sai a watan Yuni tarin da yake ɗora wa ƙurar fenti ya fara zuwa da jini. Ya kwana tara a asibiti, aka ce ya koma gida ya ci duk abin da ransa ke so. Babu wanda ke buƙatar a fassara masa wannan. Ya yi ta ramewa, yana huda sabon rami a bel ɗin wandonsa da rodin gareji, yana cewa direba ma ya rage kilo goma sha ɗaya kyauta. Shi kaɗai yake dariyar wannan.

Duk layin mun san ba zai ga Satumba mai zuwa ba. Shi ma ya sani. Shi ya sa ran Lahadi da safe na ari tirela, muka ɗora Yugo, na ja da tsohuwar motata mai dizal. Grozdana ta shiga baya da kwandon abinci da bargo, ita da ta rantse ba za ta taɓa taka wurin mahaukatan nan ba.

Mai duba motoci kafin a shiga fili Strahinja ne, mutum ɗan shekara arba'in da wani abu, wanda babansa ya yi aiki layi ɗaya da Vule. Ya zagaye motar, ya girgiza kejin, ya leƙa ƙasa, ya shafa waldar da yatsa ya ce ko a babban birni Beograd ba a samun irinta. Fuskar Vule ta washe. Daga nan Strahinja ya sosa ƙeya. Dokarsu ce, kuma Vule ya san ta fiye da kowa: duk motar da ke da keji, sai direba ya shiga, ya ɗaure, sannan ya kwance ya fito da kansa a gaban mai dubawa, saboda in wuta ta kama babu mai jiran kowa.

"Kawu Vule," ya ce, "sai na gani da idona. Ka yi haƙuri."

Vule ya miƙa mini sandarsa. Ya dafa rufin motar, ya ɗaga ƙafa, takalmin ya daki bututun ƙasa ya dawo. Ya sake. Samarin da ke ɗaure tayoyi a gefe suka daina abin da suke yi. A karo na uku sai gwiwar da yake tsaye a kanta ta lanƙwashe, na tare shi, na ji haƙarƙarinsa a tafin hannuna ta cikin rigar sanyi. Ban taɓa jin kaina ba ni da amfani irin na lokacin nan ba.

Wani mai jar mota sabuwa ya ce ya zo ya zagaya da shi a tasa. Vule ya ce bai zo yawo a motar wani ba. Wani kuma ya ce to shi zai tuƙa Yugo, Kawu ya zauna a gefe. Gaba ɗaya muka leƙa ciki. Gefen fasinja tas yake, ƙarfe fayau, sai tabo huɗu inda injin yanka ya bi. Aka fara shawarar a ciro kujera daga wata motar, Strahinja ya tambaya a kan me za a ɗaure ta. 

"Shekara talatin yana ɗaura wa mutanen duniya kujera," in ji Grozdana, tana kallon ƙasa, "tasa guda ɗaya ya yanke ya ba 'yan gwangwan."

Muka shimfiɗa masa bargo a kan tirela. Tun daga tara har sha biyu yana zaune yana kallon motocin wasu suna wucewa, bai taɓa abincin ba. Da aka tashi hutun rana fili ya yi tsit, sai na ga Grozdana ta nufi Strahinja. Ban ji abin da ta faɗa masa ba, na dai ga yana girgiza kai, tana nuna motata, yana girgiza kai, har ya daina. Ya dawo da igiyar jan mota a kafaɗa. Sharaɗinsa shi ne zagaye ɗaya, inji a kashe, ni a gaba ina ja, kada allurar gudu ta wuce talatin. Ya buɗe gaban Yugo da kansa ya zare wayar kik, ya sa a aljihu.

Na zaci Vule zai ƙi. Ya daɗe yana kallon igiyar, sannan ya ce a miƙo masa hular kwano.

Mu huɗu muka ɗaga shi muka zura shi ta saman bututun. Hular ta yi masa yawa yanzu, tana rufe masa ido, Grozdana ta ninke tawul ɗin da ta rufe burodi da shi ta cusa a ciki. Ta ja ɗamarar kafaɗa har ƙarshenta, duk da haka da saura.

Na ja a hankali. A madubi ina ganin hancin rawaya da farar hula. Da muka doshi kwanar farko sai na ji bayan motata ya karkata, na duba, ashe Vule ne ya buɗe can gefen kwalta, sannan ya yanko ciki har tayarsa ta shafi tayoyin da aka jera, ya sake buɗewa. A gudun da keke zai wuce mu yake bin layin 'yan tsere, kwana bayan kwana, bai kuskure ko ɗaya ba. Idona ya cika, na goge da hannun riga.

Muka fito doguwar miƙaƙƙiyar, inda jirage ke tashi a da. Sai na ji an fizge ni ta baya, injin Yugo ya yi tari sau biyu, sannan ƙara ta cika filin. Duk wanda ya tashi a garinmu ya san yadda ake tayar da Yugo da sanyin safiya ba tare da kik ba: a ja ta, ka sa giya ta biyu, ka saki kuloci. Ko Strahinja ya manta ne, ko ya ga dama ya manta, ban taɓa tambayarsa ba. Igiyar ta saki ta kwanta a kwalta. Hancin rawaya ya cika madubina.

Abin da ya kamata in yi na san shi, na kuma yi ta yinsa a raina tun daga ranar. In take totur har ƙasa, in ba shi fili, motata ta yi iya abin da za ta iya. Amma shekara talatin da huɗu ina ɗauke da tsofaffin mata a tsaye riƙe da kwanduna, kuma duk abin da ya zo mini ba zato, ƙafata wuri ɗaya ta sani. Kafin in yi tunani ta riga ta taka birki. Shi kuma ƙafarsa ba ta da ƙarfin taka nasa. Ya dake ni ta baya, ba da ƙarfi sosai ba, injinsa ya mutu.

Na fito da gudu. Yana haki, hular ta karkace, tawul ya leƙo ta gefen kunne.

"Birki," ya ce. "Fili kilomita guda a gabanka, ko akuya babu, ka taka birki."

"Ka yafe mini, maƙwabci. Wallahi ƙafar ce."

"Na san ƙafar. Shekara nawa tana sa ni makara wurin aiki." Ya tsaya ya nemi numfashi. "Amma ka ji ta?"

"Na ji ta."

"Giya ta biyu ce kawai wannan. Sauran ban taɓa su ba."

Strahinja ya iso yana haki, ni kuma na tare shi ina roƙo ya kwance igiyar, ya mayar da wayar, ya bar mutumin nan ya ƙarasa miƙaƙƙiyar shi kaɗai, laifin a kaina. Na ga alamar zai yarda ma. Vule ne ya hana. Hannuwansa sun sauko daga sitiyari sun kwanta a cinya, ya yi ƙoƙarin mayar da su ya kasa. Ya ce a fitar da shi, sanyi yake ji.

Kwana goma sha ɗaya ya ƙara. Kullum da hantsi nakan shiga in zauna kusa da gadon da aka sauko masa da shi falo, Grozdana ta kawo kofi biyu, nasa ya huce a wurin. Ina jira ya sake zagina a kan birkin, bai sake ba, wannan kuwa ya fi zagin ciwo. Magana ta ƙarshe da ya yi mini a kan lagireto ce. Ya ce ruwa zalla ne a ciki, kamar yadda dokar fili ta ce, in zubar kafin sanyi ya sauko kada ya daskare ya fasa injin. Na ce to. Ran Alhamis da safe, ana cikin kwashe shara a layi, Grozdana ta ƙwanƙwasa mini taga, ina ganin fuskarta na gane.

Da rana aka kawo takardun sanarwar rasuwa daga wurin bugawa, masu baƙin layi a gefe da hotonsa na fasfo. Muka bi muna mannawa, ɗaya a ƙofar gida, ɗaya a bishiyar bakin layi, ɗaya a tashar bas. Ta ƙarshe Grozdana ta ce a ƙofar garejinsa za a sa. Ina yanko mata salatif da haƙori tana dannawa.

Motata tana ajiye a gefe, bayanta na kallonmu. Bamba ta lotsa kaɗan, da shafin fenti rawaya a kai, faɗin yatsu uku. Grozdana ta juyo za ta koma gida sai ta tsaya. Ta sunkuya ta ɗora tafin hannunta a kan fentin, ta bar shi a nan. Ni kuma ina tsaye da salatif a hannu, iska tana ɗaga gefen takardar da ban gama mannawa ba.