Allurar Bana

Tela mutum ne mai kafiya, amma matarsa, wadda kowa ke kira Sista, ta fi shi. Duk shekara, da an fara atishawa a layinsu, sai ta biyo shagonsa da fararen kayan aikinta, ta dafe kan keken ɗinki, ta tasa shi gaba zuwa asibiti don allurar rigakafin mura.

"Ba bara kika yi mini ba?" haka yake ƙorafi kullum.

"Kai kana yanka wa yaro riga da awon bara?" in ji ta. "Ƙwayar murar nan sauya kama take yi. Ta bara jikinka ya sani, ta bana baƙuwa ce."

Abin dariya, mutumin da ke wuni da allura a hannu, da ya ga ta asibiti sai gumi. Sista ta san maganinsa: ta murɗe masa kunne, kafin ya gama cewa wayyo ta zare allurar.

Tun da ta rasu bai sake zuwa ba. Wai waɗanda aka yi masa sun ishe shi har ƙarshen rayuwa. Ƙarya yake yi. Ɗakin allurar ne ba ya iya shiga, don kewarta.

Bana murar ta zo da ƙarfi, ta kwantar da rabin layin. A cikin haka autarsu ta haifi mace, mai goshin Sista sak. Tela ya miƙa hannu zai karɓa, Auta ta janye jaririyar.

"Baba, ka yi haƙuri. Shagonka kowa shiga yake yana tari. Sai an yi maka ta bana."

"Ni za ki hana jikata?"

"Da Mama na nan, me za ta ce?"

Ya yi fushin kwana biyu, sannan ya tafi asibitin. Bencin nan dai yana nan, haka warin maganin. Wata matashiyar nas ta ce ya naɗe hannun riga, ya naɗe na hagu kamar yadda ya saba, ya kau da kai bango.

"Baba, kun shirya?"

"Dakata, 'yata."

Ya ɗaga hannun dama, ya kama kunnensa, ya murɗe sosai.

"To, bismilla."

Da ta ga hawaye sai ta rikice, ta tambaye shi ko da zafi.

"Ko kaɗan," in ji Tela. "Hannunki ya fi nata sauƙi."