Tanderun Doña Petrona

Shekara goma sha ɗaya na yi ina zagayawa da baƙi a gidan tarihi na Doña Petrona Insfrán kafin a turo mana sabon shugaba, Aníbal Cardozo, daga babban birni, Asunción. Gidan ba wani babba ba ne: ɗaki huɗu, doguwar baranda mai ginshiƙan katako, sai tsakar gida mai bishiyar lemo biyu. Can ƙurya, ƙarƙashin rumfar kwano, akwai tanderun ƙasa da aka kewaye da jar igiya. Allon da ke gabansa ya ce an gina shi a 1874, kuma a cikinsa ne Doña Petrona ta riƙa gasa wa marayun garinmu, Santa Librada, cipa, wato gurasar rogo da cuku, bayan babban yaƙin ƙasarmu.

Talata da Alhamis ake kawo mana 'yan firamare. In jera su, in nuna musu gadonta da keken ɗinkinta, in kai su gaban tanderu in karanta musu allon. A kan wani ɗan teburi akwai cipa shida na roba da aka yi wa fenti. Kowane aji sai an sami wanda ya gatsi ɗaya a ɓoye. Duk shidan suna da shatin haƙora.

Aníbal bai cika sati biyu ba ya ce wannan ba koyarwa ba ce. Shekarunsa talatin da huɗu, ga yawan gumi, kuma shi kaɗai yake shan terere, shayinmu mai sanyi da ake zagayawa da shi, a ofis ba ya miƙa wa kowa kofin. Wannan ya sa gari ya yanke masa hukuncin girman kai tun kafin a san shi. Ni da na zauna da shi na gane kunya ce kawai.

"Ña Heriberta," ya ce mini wata Alhamis bayan yara sun watse, "yaran nan kowannensu kakarsa na gasa cipa a gida. Mu kuma muna nuna musu roba."

"Haka na tarar, Lisensiyado." Haka muke kiran duk mai digiri.

"To bana na gaske za mu gasa. Ranar Larabar makon Ista, yadda kowane gida ke yi. Yara da iyayensu, kowa ya kwaɓa da hannunsa."

Ya rubuta wa ofishin kula da kayan tarihi da ke birni. Bayan kwana tara amsa ta zo, layi uku: an yarda da taro, ba a yarda wuta ta kusanci tsohon tanderu ba, in ana so a gina sabo taku goma daga gare shi.

Ginin ya ba Don Fulgencio Ayala, magini ɗan shekara saba'in wanda rabin tanderun garin aikin hannunsa ne. Koyarwa kuma ya roƙi Ña Secundina Benítez, wadda ta shekara arba'in tana tallar cipa a tasha da kwando a ka. Su biyun sun san juna tun suna yara, kuma ba sa haɗuwa su rabu ba tare da sun tsokani juna ba.

Ruwan sama ya hana aiki kwana da kwanaki. Sai ranar Asabar aka rufe saman sabon tanderun, saura kwana huɗu taro. Ña Secundina ta zo dubawa. Ta zura hannu ciki, ta shafa, ta dubi tafinta.

"Wannan ai jinjiri ne, ko cibiyarsa ba ta bushe ba. Fulgencio, ka tsufa har ka manta laka na son rana?"

"Je ki gaya wa sama ta ɗauke. Ke da muryarki ke kaiwa tasha daga nan, ai za a ji ki."

"Ana ji na saboda ina da abin faɗa."

Don Fulgencio ya juya wurin Aníbal ya gaya masa gaskiya: tanderun na bukatar sati biyu yana shan iska, ana sa masa 'yar wuta kullum. Aníbal ya share goshi ya ce an riga an aika wa makaranta uku takarda, gidan rediyo ma ya sanar. Tsohon ya ce za su lallaɓa shi su gani.

Ranar Laraba tun ƙarfe bakwai gidan ya cika. Yara sittin da uku na ƙirga, manya sun kusa arba'in. Muka jera tebura a baranda, aka zube sitacin rogo da garin masara da cuku da ƙwai da kitse da madara. Ña Secundina ta tsaya a tsakiya da ɗankwali ɗaure, tana bin kowane kwano da ido.

"Ba da yatsu ba! Da gindin hannu, ka danna ka tura. Ke 'yar nan, kwaɓi kike yi ko shafa kyanwa? Malam, kai ma malamin makaranta ne, amma nan ajina ne, cire agogon."

Yaran suka yi zobba, suka yi tsuntsaye, wasu suka yi kada mai buɗe baki. Ban taɓa ganin aji ya yi awa biyu a gidan ba tare da wani ya tambaye ni yaushe za a tafi ba sai ranar.

Don Fulgencio ya hura wuta ƙarfe takwas, kaɗan-kaɗan. Wajen tara da rabi ya ƙara manyan itace, don ba a gasa cipa da ɗumi-ɗumi. Ba a jima ba muka ji ƙara kamar an tsula bulala. Tsaga ta taso daga bakin tanderun ta haye sama, tururi ya fito ta cikinta, sai saman ya zauna ciki gaba ɗaya. Ba wanda ya ji ciwo. Tsohon ya tsaya da itace ɗaya a hannu yana kallon tarin jiƙaƙƙiyar laka da hayaƙi.

Kowa ya jira abin da Ña Secundina za ta ce masa. Sai ta je ta karɓi itacen daga hannunsa ta ajiye.

Aníbal ya kira mai gidan burodi, aka ce masa injinsu a cike yake har yamma, makon Ista ne. Wasu iyaye suka fara zancen kowa ya kwashi nasa ya kai gida. Yara kuwa suka ƙanƙame kadojinsu, biyu sun fara kuka. Nan ne Ña Secundina ta nuna ƙurya da haɓa.

"Lisensiyado, wancan fa? Ado ne?"

"Ba ni da izini, Ña Secundina."

"To ɗana, je ka nemo."

Ya shiga ofis ya ce zai kira birni. Ba wanda zai ɗauki waya a ofishin gwamnati a irin wannan rana, shi ma ya sani. Minti arba'in ya yi a ciki. Daga inda nake ina hango shi ta taga, yana tsaye bayan labule, wayar na hannunsa, bai kai ta kunnensa ba.

Ña Secundina da kanta ta kwance jar igiyar, ta naɗe ta, ta miƙo mini. Na karɓa. Don Fulgencio ya durƙusa ya leƙa cikin tsohon tanderun, ya share busasshen ganye da gidajen zanzaro, ya ƙwanƙwasa bango sau biyu da bayan yatsa.

"Zai ɗauka," ya ce. Ya sa wuta.

Sai da hayaƙi ya miƙe sama sannan Aníbal ya fito.

"Ba su ɗauka ba," ya ce.

"To sannu," in ji Ña Secundina. "Riƙe mini ganyen ayabar nan."

Da cikin tanderun ya yi fari saboda zafi aka janye garwashi, aka share da ɗanyen reshe, aka jera cipa a kan ganyen ayaba, aka toshe baki. Zubi biyar aka yi. A na huɗu ne bulo ɗaya ya ɓalle daga saman bakin tanderun ya faɗi ya rabe biyu, ya bar tsaga mai tsawon tafin hannu. Don Fulgencio ya ture shi gefe da ƙafa aka ci gaba. Kafin ƙarfe biyu kowane yaro ya tafi da nasa a ƙunshe. Iyaye sun ɗauki hotuna da wayoyinsu, kafin yamma hotunan sun isa birni.

Sati ɗaya bayan Ista wata jami'a ta zo daga ofishin a farar mota, masaniyar gine-gine, Arkitekta Zunilda Rolón. Ta auna tsagar, ta ɗauki hotonta ta gefe huɗu, ta sa bulon da ya ɓalle a leda. A gabana ta gaya wa Aníbal cewa lalata abu mai shekara ɗari da arba'in da biyar ya isa a sallami mutum daga aiki. Bai yi musu ba. Bai kuma ce ba ya wurin lokacin da aka sa wutar ba. Ta ce a kira wanda ya hura.

Don Fulgencio ya zo da hularsa a hannu. Ya nemi a ba shi bulon. Ya juya shi, ya hure ƙura, ya nuna mata wata alama a bayansa, layi biyu da ɗigo.

"Alamar babana ce, Timoteo Ayala. Duk bulon da ya ƙona yana da ita. Ni da shi muka gina wannan a 1968, shekarar da na tafi soja."

Arkitekta ta dube shi, ta dubi allon.

"Nan an rubuta 1874."

"Na gani. Na ɗauka ƙasar wurin ake nufi. Tanderu ba ya shekara ɗari, Arkitekta, ba coci ba ne. Wanda muka rushe muka ɗora wannan, shi ma ba na Doña Petrona ba ne. Babana ya ce na uku ne ko na huɗu."

"Me ya sa ba ka taɓa faɗa ba?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Aníbal ne ya yi magana, a hankali. "Don Fulgencio, da na ce ka gina sabo fa?"

"Ka ce birni ne suka ce. Ni wane ne da birni?"

Washegari ya kawo hoto: shi da mahaifinsa a gaban tanderun da aka kai rabi, ƙafafunsu duk laka, bayansu ga barandarmu.

Hoton tanderun ne a bangon ɗan littafin da ofishin ke rabawa, don haka Arkitekta Zunilda ta so a rubuta cewa an yi masa gyara a 1968, a bar sauran yadda yake. Aníbal ya ce ba gyara ba ne, gini ne, kuma ba zai tsaya gaban yara ya karanta abin da ya san ba haka yake ba. Suka yi ta musayar takardu wata biyu. A ƙarshe aka cire tanderun daga jerin kayan da aka hana taɓawa. Aníbal ya sami takardar gargaɗi saboda saɓa umarni, ba saboda ɓarna ba. Ya rubuta sabon allo da kansa: a wannan wuri Doña Petrona ta yi gashi, wannan tanderun kuma Timoteo Ayala da ɗansa Fulgencio suka gina.

Ba kowa ya ji daɗi ba. Malamai biyu suka daina kawo azuzuwansu, ɗaya ta gaya mini yara sun fi son tsohon labarin. Amma wadda ta fi kowa jin haushi Ña Secundina ce. Ta riga ta gaya wa duk tasha cewa ta gasa cipa a tanderun Doña Petrona, har ta ce ɗanɗanon daban ne. Abokan tallarta suka sa ta gaba.

"Ña Secu, ba mu na 1874 guda biyu mana!"

Ta tare Don Fulgencio a bakin coci ranar Lahadi.

"Kana kallo ina ta zuba, ka san bulon ubanka ne, ka yi shiru?"

"Ya gasa ko bai gasa ba?"

Daga nan ba ta ƙara yi masa magana ba har watan Agusta, gidan tarihin ma ta ƙaurace masa. Aníbal ya nemo wata mata daga unguwar asibiti ta riƙa koyarwa. Da labari ya kai wa Ña Secundina cewa matar na cika madara har cipa na bajewa, sai ga ta wata Alhamis da kwandonta. Ta tsaya ta kalli kwano ɗaya, ta ce wa matar, "Matsa, 'yata." Don Fulgencio na durƙushe yana hura wuta. Ta ce masa itacen ɗanye ne, ya ce ba ɗanye ba ne, shi ke nan suka shirya.

Yanzu Alhamis ta farkon kowane wata ake hura tanderun, kuma makarantu daga ƙauyuka uku na rubuta suna tun kafin hutu ya ƙare. Aníbal ya yi shekara biyu da mu, sannan ya koma Encarnación inda matarsa ta sami aiki. Wadda ta gaje shi ta tambaye ni a satinta na farko ko akwai wani allo kuma a gidan da ya kamata a sake dubawa. Na ce ni dai ban sani ba, amma Don Fulgencio ya taɓa cewa yana da magana a kan rufin ɗakin girki. Ta rubuta a takarda. Har yanzu ba ta aika a kira shi ba.