Yatsun Ladi

Tun daga bakin rijiya Raishatu ta jiyo ihun, ta kuma san na 'yarta ne. Ta sheƙa da gudu, tulu a ka, ruwa yana zubo mata a wuya.

Wata huɗu ke nan da ta haifi Ladi da yatsu a manne, hannu biyu duka, fata ta haɗe su kamar ƙafar agwagwa. Daga Gangara suka kai ta asibitin Tanut. Likita ya jujjuya hannun ya ce, "Kowa haka yake a cikin uwarsa. Kafin haihuwa jiki kan umarci naman da ke tsakanin yatsu ya mutu, sai su rabu. Nata umarnin ne bai isa ba. In ta yi ƙwari ku kai ta Damagaram a raba su."

A hanyar komawa gida Zakari, mijin Raishatu, ya ce, "Tun da naman ya ƙi mutuwa, aska ta kashe shi mana."

Yau kuwa, daga rijiya tana faɗawa gidan ta tarar Zakari ya danne jaririyar a cinya, Dodo wanzami yana durƙushe gabansa, aska jina-jina. Ya gama tsaga hannun dama, ya kamo na hagu.

"Malam, sake ta!"

"Koma waje," in ji Zakari. "Saura kaɗan."

Ba ta san lokacin da ta rotsa wa Dodo tulun a ka ba. Wanzami ya kife, goshi a fashe. Zakari ya kwaɗa mata mari har ta ga wuta, ita kuwa ta kafa masa haƙora a damtse, ba ta saki ba sai da ta ji jini a bakinta. Ta fizge 'yarta, ta naɗe hannun da kallabi, ta fita ba takalmi, ta tare motar gero mai zuwa Tanut.

Likitan ya kwance kallabin, ya duba hannun. Cikin mako guda yatsu biyu suka yi baƙi, aka guntule su. Sauran suka ƙandare.

Raishatu ba ta koma ɗakin Zakari ba. Damagaram ma ba ta je ba. Duk wanda ya kawo maganar, sai ta tashi ta bar masa wurin.

Shekarar yunwa ta tamanin da huɗu, Zakari ya biyo ta ƙofar gidan iyayenta zai tafi kudu ci-rani, ya rame, ya yi furfura.

"Inna, wane ne?" Ladi ta tambaya.

"Baƙo ne. Ba shi ruwa."

Yarinyar ta miƙa masa moɗa da hannun hagu, shi kaɗai ke iya riƙo. Ya karɓa ya sha. Bai ce mata ba a miƙa wa babba abu da hagu ba.