Alfijir a Cikin Silin

Tun kafin a haife ni Baba ke kiran salla a masallacin unguwarmu a Wurma, kuma ban taɓa ganin agogo a hannunsa ba. Fitowa yake yi ƙofar gida ya ɗaga kai, ya dubi inuwar garun maƙwabci, ya ce lokaci ya yi. Don haka ranar da yayana Dalhatu ya tare ni a bakin asibiti ya ce, "Zinariya, kan Baba fa ya taɓu," saura ƙiris in watsa masa kunun da ke hannuna.

Da damina ne Baba ya zame a hanyar masallaci ya karye a ƙugu. Mai ɗori ya gwada, abu ya ƙi. Yaya Dalhatu, da yake yana harkar hatsi a Dutsin-Ma kuma yana son a ga ya yi, sai ya kawo shi wani sabon asibitin kuɗi aka yi masa aiki. Ni ma a Dutsin-Ma nake aure, Inna kuma ta rasu shekarun baya, saboda haka jinya ta faɗo kaina. Ban yi ƙorafi ba. Ina son tsohon nan fiye da yadda nake nunawa.

Ɗakin da aka ba shi ya fi ɗakin amarya kyau. Sanyi kamar cikin randa, shiru kamar ba a gari ake ba, ko kiran salla ba ya shigowa. Taga ɗaya ce, mai baƙin gilashi, ita ma bangon ɗakin magani take kallo. A sama kuwa babu ƙwan fitila irin wanda muka sani. Wani faffaɗan abu ne a cikin silin daidai saitin gado, girmansa ya kai tabarmar salla biyu, haske na fitowa daga gare shi a hankali ba ya kashe ido. Na dube shi sau ɗaya ranar farko na ce masu kuɗi suna shagali, ban ƙara bi ta kansa ba. Mai jinya ba ta da lokacin kallon sama. Ina shiga, ina fita, ina wanki a bayan asibiti, ina hura gawayi a gindin bishiyar bedi tare da sauran mata.

Abin ya fara ne washegarin aikin. Na shigo da tuwon rana, Baba ya ce in miƙo masa dutsen taimama.

"Baba, ai ka yi Azahar ɗazu."

"Wace Azahar? Asuba za ni yi. Ke ba ki ga alfijir ya keto ba?"

Na nuna masa fuskar waya. Ya ture hannuna.

"Waya ce za ta koya mani lokaci? Kwashe tuwon ga, wa ke cin tuwo da sassafe? Ki samo mani koko."

Na ce a raina allurar barci ce ba ta sake shi ba. Amma kashegari ma haka, jibi ma haka. Wata ran ya yi Asuba, ya yi walaha, can kuma sai ya sake neman dutse ya ce Asuba ta yi. Har na daina ƙirgawa. Wata ran kuma sai komai ya tafi daidai tun safe har Magariba, in ce alhamdu lillahi ya dawo, sai gari ya waye abin ya sake kwancewa. Abin da ya fi ɗaure mini kai, a sauran zance garau yake. Ya san sunan kowace jika, ya san wanda ya zo dubiya da wanda ya aiko kawai, har ya tuna mini akuyar da na bari ta ci gero ina yarinya. Lokaci kaɗai ya kufce masa, kuma lokaci shi ne abin da duk Wurma ta san shi da shi.

Likita ya shigo zagaye wata rana gab da La'asar, Yaya Dalhatu na tsaye. Ya tambayi Baba sunansa da garinsu, ya amsa. Sannan ya ce, "Baba, yanzu wane lokaci ne?"

Baba ya ɗaga ido sama, ya yi ɗan nazari irin nasa, ya ce, "Hantsi ya ɗaga kaɗan."

Likita ya duƙa ya yi rubutu. Wannan rubutun ya fi mari zafi.

A ranar ne Yaya Dalhatu ya tare ni a bakin ƙofa ya faɗi waccan magana. Ya ce likita ya ba da shawara a kai Baba Katsina wurin likitan ƙwaƙwalwa. Ya ce kuma Liman ya aiko daga Wurma yana tambaya, don wanda ke riƙe da kiran salla na wucin gadi ne. Shi dai ranar Juma'a zai je Wurma ya gaya musu gaskiya, su ba wani ladanci gaba ɗaya.

"Yaya, in ka faɗi haka a Wurma, ka san ba ta gogewa. Ko ya warke yara za su riƙa nuna shi."

"To mi kike so in ce masu? Mutum na sallar Asuba da rana tsaka, ki ce in bari a ba shi lasifika?"

Sai kawai na yi masa tsawa. Haka nake. Na koma gindin bedi na yi kuka ina fifita gawayi, mata suka ɗauka hayaƙi ne.

Ranar Alhamis bayan Azahar bayana ya ƙage. Maimakon in fita, sai na shimfiɗa tabarma a gefen gadon Baba na kwanta rigingine. Karon farko ke nan da na ga ɗakin yadda yake ganinsa. Babu bango, babu ƙofa, babu fuskar kowa, sai wannan abu na sama, fari tas kamar tsakar rana. Barci ya fara fizgata. Sai aka ɗauke wuta, ɗaki ya yi duhu ƙirin, can na ji janareto ya tashi.

Da na buɗe ido, sama ta yi toka-toka, wani ja-ja na tasowa daga gefe ɗaya. Wallahi zumbur na miƙe ina salati, ina lalubar buta, ina cewa na makara ban ɗora koko ba.

Baba ya ce, "Kin gani ko? Yau kin riga ni. Miƙo dutsen."

Na tsaya da buta a hannu. Na buɗe ƙofa na leƙa baranda, rana na dukan ƙasa, wata mata na shanyar zannuwa. Na dawo ciki, asuba. Na sake fita, rana. Sau nawa na yi haka ban sani ba, har wani mai dubiya ya matsa gefe yana kallona da tausayi. Na ce shi ke nan, a gidanmu abin yake, ni ma Katsina za a kai ni.

Na kamo nas Hassana da ke aiki a ɓangaren, na jawo ta ciki na nuna mata sama. Ta ɗaga kai kamar yau ta fara ganin silin.

"Haka fitilar take, Anti. Canzawa take yi da kanta. An ce mana kar mu taɓa."

"Wa ya ce?"

"Injiniya."

Aka yi sa'a yana ɗaya ɓangaren da ake ginawa, nas ta aika a kira shi. Na shirya masa zagi tun daga baranda, amma da ya shigo sai na rasa ta inda zan fara. Jamaluddeen sunansa, siriri, mai ladabi, ya durƙusa har ƙasa ya gai da Baba. Na tambaye shi wane irin tsafi ne ya rataya mana a kai.

Sai ya hau bayani, fuskarsa na haske. Ya ce mahaifiyarsa ta yi doguwar jinya a wani asibiti, ƙwan fitila tsirara a saitin idonta dare da rana, har hawaye ke zubo mata, sai ta rufe fuska da gyale. Ya ce masu gina ɗakin jinya a tsaye suke aiki, sun manta mai ɗakin a kwance yake, silin ne duniyarsa. Shi ya sa ya tsara wannan. Ya ɓoye ƙwayayen a bayan farar roba don kar su soki ido, ya faɗaɗa ta don hasken ya bazu, sannan ya sa mata agogo a ciki. Da safe ta fara da duhu-duhu kamar alfijir, ta yi fari da rana, ta yi ja da yamma, ta lafa da dare. Wai don mara lafiya kar ya rasa sanin lokaci.

"Kar ya rasa sanin lokaci," na maimaita. "To Malam Injiniya, ɗaga kanka ka gaya mani lokaci."

Ya ɗaga. Ya dubi agogon hannunsa. Ya sake ɗagawa. Na ga murmushin na zamewa daga fuskarsa.

"Yaushe aka ɗauke wuta?"

"Ɗazu."

Ya dafe kai. Ya ce akwai ɗan batir da ya kamata ya riƙe agogon idan wuta ta yanke, ba a sa ba, ko an sa ya mutu. Duk sanda aka ɗauke wuta aka tada janareto, ko aka kawo wuta aka kashe janareto, sai fitilar ta manta inda take ta koma farkon yini. A garin nan kuwa kowa ya san sau nawa ake wannan wasa. Ranakun da Baba ya yi daidai, ranakun da wuta ta zauna ne.

Ni a lokacin na rasa me zan yi da yaron nan, in rufe shi da faɗa ko in yi masa addu'a. Da zuciya ɗaya ya yi, kuma da zuciya ɗaya ya kusa mayar mini da uba mahaukaci.

Baba, da ke saurare, ya ce, "Tsaya, yaro. Kana nufin wagga aba ba taga ba ce? Ni cewa nike gilashi kuka sa a rufi, sama nike gani."

"Fitila ce, Baba. Ni na haɗa ta. A gafarce ni."

Sai Baba ya fashe da dariya har ƙugun ya motsa ya ce wash.

"Kai ka yi rana? To ta yi kyau, ba ta cin ido. Amma ka riƙa bari ta faɗi kafin ka sake fiddo ta. Ka tara mani sallolin da sai na zauna da Liman mun warware."

Nan take na kira Yaya Dalhatu. Ban gaishe shi ba, na ce duk abin da yake aunawa ya ajiye mudu ya zo. Da ya iso, Jamaluddeen ya kashe layin ɗakin ya kunna a gabansa, alfijir ya sake ketowa. Yaya ya zauna a bakin gado ya riƙe hannun Baba. Ya ce ba zai je Wurma da wannan magana ba, zai ce wa Liman a jira mai abu ya warke. Na so in yi masa gori, amma na ga idonsa ya cika, sai na bari.

Na roƙi nas Hassana keken marasa lafiya, muka ɗora Baba a hankali, na tura shi baranda. Rabonsa da ganin sama ta gaskiya tun ranar da aka kawo shi. Ya ƙifta ido, ya shaƙi iska, ya dubi inuwar bedin da ta miƙe har bakin famfo.

"La'asar ta shiga," ya ce.

Bai rufe baki ba ladanin masallacin bayan asibiti ya ɗaga murya. Daɗi ya kama ni har na yi guɗa ƙasa-ƙasa, mata suka waiwayo. Yaya Dalhatu ya yi dariya ya ce shi zai wuce kasuwa, ya nufi inda ya ajiye babur.

Baba ya kama gefen zanena.

"Maza ki ce ma innarki ta zubo mani ruwa a buta. Ita ta san ɗumin da nike so. Tun safe ban ga ta leƙo ba, halan tana wurin daka."

Na dube shi. Babu silin a kanmu, babu fitila, rana ce ta Allah a fuskarsa, idonsa garau yana jiran in tafi. Shi da kansa ya sa Inna a kabari.

"Baba, Inna fa..."

"Mi ya same ta?"

Daga bakin ƙofa Yaya Dalhatu ya tada babur. Da ya ga na tsaya ƙiƙam sai ya ɗaga murya, "Lafiya dai, Zinariya?"

Na ɗaga masa hannu. "Lafiya lau, Yaya. Sai ka dawo."

Ya tafi. Na gyara wa Baba hula, na ce masa to, bari in je in gaya mata. Na ɗauki buta na nufi gindin bedi, na zuba ruwan zafi, na surka, ina taɓawa da yatsa ina ƙoƙarin tuna ɗumin da Inna ke yi masa.