Akwatin Ƙyanƙyasar Sada

Mutum uku ke cikin wannan labari: Sada, kafinta a Birnin Kudu, yayarsa Hawwa, wadda ke aure a Gwaram, da Malam Ƙasimu mai sayar da kayan lantarki.

A shekarar da aka ja wa unguwar su Sada wutar lantarki, annoba ta faɗa wa kajin Gwaram. Ba ta bar wa Hawwa ko ɗaya ba, sai ƙwai goma sha huɗu, ragowar irin da ta gada daga mahaifiyarsu. Babu kazar da za ta kwanta musu, don haka ta jera su cikin ƙaiƙayi ta kawo wa ƙanenta.

Sada ya ƙera akwati, ya sa fitilu biyu a ciki. Saura na'urar da ke yanke wuta in zafi ya yi yawa, ta mayar in ya sauka.

Da ya je saye, Malam Ƙasimu ya ajiye masa biyu, ya ce, "Wannan don wutar gida aka yi ta. Waccan ta fi sauƙin kuɗi, amma ƙaramar wuta ta saba ɗauka."

"Haba Malam, ƙwai zan ɗumama, ba injin niƙa zan tayar ba."

"To, kafinta. Araha dai ba ta ado."

Sada ya tuna geron gidansa ya kusa ƙarewa, ya ɗauki mai araha.

Kwana goma sha takwas tana aiki lafiya. Kowace safiya yakan juya ƙwan, ya kara ɗaya a fatar idonsa ya ji ɗuminsa. Ranar Juma'a ya rufe shago ya tafi masallaci. Da ya dawo, ya tarar katakon akwatin ba ya taɓuwa don zafi. Bakin na'urar ya narke ya manne, fitilu suna ta ci. Ya fasa ƙwai ɗaya: ɗan tsako har ya yi gashi, ya mutu a naɗe.

Bayan kwana uku Hawwa ta iso da kwando, ta shimfiɗa tsumma a cikinsa.

"Ɗan'uwa, sun fara tsaga kuwa?"

Sada ya nuna mata sabuwar ƙasar da ya tura a bayan shago, inda ya binne ƙwan. Ta daɗe tsaye tana kallon wurin, sannan ta ce, "Ba ni ruwa in yi alwala, kada motar Gwaram ta tashi."

Nan labarin ya tsaya. Inda alƙalamina ya kauce, mai karatu ya gyara, Allah ya ba shi lada.